Neman shawara: yadda ake zana ragar dagi a kwamfuta domin yankawa a ƙarfe

Ɗan Kofar Marusa:
Assalamu alaikum. Wani dattijo a unguwarmu ya ba ni aikin ragar tagogin zaurensa, kuma ya ce dagi yake so, irin wanda magina ke fitarwa a bangon gidajen sarauta. Na zana shi a manhajar zane ta CorelDRAW, ya yi kyau a fuskar kwamfuta, amma da muka kai wa mai injin leza ya gwada a fallen ƙarfe mai kaurin milimita 2, sai tsakiyar dagin ta zube ƙasa gutsi-gutsi, wasu wuraren kuma injin ya bi layi ɗaya sau biyu har ƙarfen ya ƙone. Ina roƙon waɗanda suka riga mu a wannan sana'a su nuna mini inda na kuskure, domin ba na son in sake ɓata wa dattijon nan ƙarfe.

Mai Zane Daura:
Wa alaikumus salam, Malam. Kuskuren ya samo asali ne daga yadda injin ke karanta zane. Zanen bekta, wato irin wanda ka yi a CorelDRAW, hanyoyi ne da lissafi ya tsara daga wannan ɗigo zuwa wancan, kuma injin hanyar kawai yake bi. Kaurin da ka ba layin domin ya cika ido ba ya cikin lissafinsa. Saboda haka dole ne ka fara mayar da kowane layi mai kauri ya zama siffa mai gefe biyu, sannan ka narkar da dukkan siffofin su zama jiki guda da umarnin da CorelDRAW ke kira Weld, wanda a manhajar zane ta Inkscape sunansa Union. Wannan ne zai kawar da layukan da suka hau juna, waɗanda suka sa aka yi maka yanka biyu.

Game da zubewar kuwa, ka riƙa duban zanen kamar tabarma: duk abin da bai riƙe da maƙwabcinsa ba, faɗuwa zai yi. Ka cika siffar da baƙin launi, ka bi ta da ido daga firam ɗin tagar zuwa tsakiya. Duk tsibirin da ka gani shi kaɗai, ka yi masa gada. A aikina ba na barin gada ta fi kaurin ƙarfen siranta, domin bakin wutar ma yana cin ɗan abin da yake ci a kowane gefe.

Hajiya Mai Ɗinkin Hula:
Ina so in ƙara da batun da ya fi damuna, wato kan dagin kansa. Abin da ya sa dagi ya zama dagi shi ne igiyar da ke bi ta sama a wannan mahaɗa, ta nutse ƙasa a ta gaba, kamar yadda muke yi da zare. Idan ka narkar da komai wuri guda, wannan saƙar za ta ɓace, a bar ka da raga kawai. Mafita ita ce a kowace mahaɗa ka sa gajerun tsagi biyu a gefen igiyar da ke sama, waɗanda ba su kai ƙarshe ba, ko kuma ka roƙi mai injin ya yi musu zane a saman ƙarfen ba tare da hudawa ba. Sannan kada ka zana tagar gaba ɗaya da hannu. Ka gyara gida ɗaya a kan murabba'i, ka juya shi digiri 45 inda ake bukata, ka maimaita shi. Inkscape, wanda kyauta ne, yana da tsarin maimaitawa iri 17, kuma idan ka gyara gidan farko sauran duk za su bi shi.

Ɗan Kofar Marusa:
Allah ya saka muku da alheri, Malam da Hajiya. Na duba fayil ɗin yanzu, na tarar da tsibirai tara a dagi ɗaya. Zan gyara, in fitar da shi a DXF, wato nau'in fayil ɗin zane da injin ke karantawa, kamar yadda mai injin ya nema, mu fara gwadawa a kwali ranar Asabar kafin mu taɓa ƙarfe.