Ɗaukaka ƙara bayan hukuncin kisan kai a rikicin gidan gado

Inna daga Aboabo:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san shari'ar ƙasar nan ta Ghana. Makonni biyu da suka wuce Babbar Kotu ta Kumasi ta yanke wa ɗan yayata ɗaurin rai da rai, bayan 'yan juri bakwai, wato mutanen gari da aka zaɓa su saurari shari'ar, sun same shi da laifin kashe wansa da suke uba ɗaya. Rikicin ya taso ne a kan ɗakuna biyu na gidan gado, waɗanda marigayin ya ba da haya ba tare da sanin kowa ba, ya kuma karɓi kuɗin shekara biyu a gaba. Ranar da abin ya faru, yayata ta tare shi a tsakar gida tana tambayar kuɗin, sai ya hankaɗe ta ta faɗi a kan turmi har goshinta ya fashe, shi kuwa yaron da yake tsaye a wurin ya ɗauki taɓarya ya buga masa sau ɗaya a kai. Yanzu dattawan gida sun zauna, mahaifiyar marigayin ta ce ta yafe. Shin wannan yafiyar za ta iya fitar da shi, ko kuwa sai mun ɗaukaka ƙara?

Tsohon magatakardan kotu, Asawase:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan wanda ya rasu, ya ba ku haƙuri. Abu na farko shi ne lokaci, domin wa'adin wata ɗaya doka ta ba da na shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara, kuma rabinsa ya riga ya tafi. Kotu tana iya ƙara wa'adi, amma sai an roƙa an kawo dalili. Idan babu halin ɗaukar lauya, ku je ofishin hukumar da ke ba marasa hali lauya a nan Kumasi.

Game da yafiya kuwa, ba za ta buɗe ƙofar kurkuku ba. Ƙarar ta gwamnati ce, ba ta dangin mamaci ba, kuma sashe na 73 na Dokar Kotuna ta 1993 ya taƙaita sulhu ga ƙananan laifuka. Hatta dokar 2022 da ta halatta sasantawa tsakanin mai gabatar da ƙara da wanda ake tuhuma ta cire kisan kai daga ciki.

Ki kuma sani cewa Kotun Ɗaukaka Ƙara ba ta sake shari'a daga farko. Alƙalai uku ne za su karanta rubutaccen bayanin zaman da aka yi, kuma da wuya su saurari sabon shaida. Abin da lauya zai fi sa wa ido shi ne jawabin da alƙali ya yi wa 'yan juri kafin su shiga shawara. Sashe na 52 na Dokar Laifuka ta 1960 ya ce kisa yana saukowa zuwa laifin kisa mai sassaucin hukunci (manslaughter) idan tunzuri mai tsanani ya gusar wa mutum da ikon riƙe kansa, sashe na 53 kuma ya lissafa abubuwan da ake ɗauka a matsayin tunzurin, har da a kai wa mahaifiyar mutum ko mahaifinsa hari mai ƙarfi a gaban idonsa. Idan shaidu sun faɗi maganar hankaɗewar a kotu amma alƙali bai bayyana wa 'yan juri wannan sashe ba, ko ya bayyana shi a karkace, to kuna da hujja mai nauyi. A irin wannan hali kotu tana da ikon musanya hukuncin da na laifin mai sassauci, wanda a cikinsa alƙali ne yake auna yawan shekaru, kuma tsarin mulki ya wajabta a yi la'akari da zaman da yaron ya yi a tsare kafin hukunci.

Ɗalibin shari'a, Nima:
Baba magatakarda ya faɗi gaskiya, sai dai ina roƙon Inna kada ta sa rai da yawa tun yanzu. Sashe na 54 yana janye wannan sassaucin idan an nuna cewa akwai tsohuwar niyya, ko an sami tazarar da mutum zai huce, ko makamin da yadda aka yi amfani da shi sun wuce abin da mutumin kirki zai yi a wannan hali. A rikicin gado nan ne ake yawan faɗuwa, domin gabar ba ta kwana ɗaya ba ce, kuma da wuya a rasa maƙwabcin da zai ce ya taɓa jin an furta "sai na ga bayanka". Taɓaryar da take jingine kusa da turmi da bugu ɗaya suna taimakonsa. Da ɗaki ya shiga ya ɗauko wuƙa, da maganar ta yi wuya. Ban da haka, sashe na 31 na Dokar Kotuna ya ce ko an sami kuskure, za a kori ƙarar muddin kuskuren bai jawo babban rashin adalci ba. Idan aka faɗi a nan, akwai sauran Kotun Ƙoli a Accra.

Malami a Sabon Zango:
Hajiya, kada a raina yafiyar don kotu ba ta karɓe ta ba. A addini haƙƙin jini na magada ne, kuma ya kamata a tabbatar cewa matar marigayin da sauran masu haƙƙi suna cikin maganar, a kuma tsayar da batun diyya a gaban limami da shaidu, a rubuta. Takardar tana iya yin amfani wata rana idan aka nemi afuwar shugaban ƙasa, wadda sashe na 72 na tsarin mulkin 1992 ya tanada. Sannan a raba gidan nan yanzu, domin barinsa ba rabo shi ya kai ku ga wannan. Kason yaron daga mahaifinsa yana nan, amma wanda ya yi kisa da gangan ba ya gadon wanda ya kashe.

Inna daga Aboabo:
Na gode, Allah ya saka muku da alheri. Yayata da wata 'yar haya duk sun ba da shaidar hankaɗewar, har an nuna takardar asibiti ta ɗinkin goshinta. Ita kuma maganar barazana, ƙanen marigayin ya faɗi wani abu makamancin haka, amma lauyanmu ya musanta. Malam magatakarda, shin sai mun sami rubutaccen bayanin zaman kafin mu shigar da sanarwar?

Tsohon magatakardan kotu, Asawase:
A'a, Hajiya, kada ku jira shi, domin haɗa shi yakan ɗauki watanni. A shigar da sanarwar a rajistar Babbar Kotun da ta yi shari'ar, da hujjar cewa hukuncin bai dace da shaidun da aka gabatar ba, a kuma rubuta cewa za a ƙara wasu hujjoji idan bayanin ya fito. A ranar ku nemi kwafinsa a rubuce, ku ce lallai a haɗa da jawabin alƙali ga 'yan juri, kuma ku adana rasit ɗin duk abin da kuka biya.