Yaya zan gane shekarar tsofaffin silaid na allunan hanyar kan dutse?

Mai_Tsohuwar_Kyamara:
Salam jama'a. Akwai kwalin silaid ɗin da na gada, irin ƙananan fim ɗin nan masu firam na kwali da ake sawa a majigi, kusan duk hotunan allunan gefen hanya ne a kan duwatsu, masu nuna kwana, gangara, da tsayin wuri. Wasu an rubuta Kodachrome wasu Ektachrome, wato nau'o'in fim na kamfanin Kodak. So nake in jera su bisa shekara in adana, don Allah ta ina zan fara?

Dattijo_Majigi:
Wa alaikassalam ɗana. Kafin komai kar ka hargitsa jerinsu, yadda ka same su haka za ka ba su lamba da fensir a jikin firam ɗin kowanne, domin sau da yawa fim guda ne a jere, in ka gane ɗaya ka gane saura. Sai ka duba firam ɗin, daga wajen 1958 Kodak ya riƙa buga wata da shekara a kai, amma fa ranar da aka wanke fim ɗin ce ba ranar ɗauka ba, wani sai fim ya shekara a kyamararsa bai kai wanki ba, shi ya sa za ka ga ƙanƙara lulluɓe da allo alhali tambarin na cewa Yuli. Firam masu jan gefe kuwa galibi kafin 1960 ne.

Hajiya_Taswira:
Gaskiya ne Baba, ni dai allon kansa nafi yarda da shi. A Amurka allon STOP rawaya ne sai 1954 aka mayar da shi ja, Ingila ta sauya fasalin allunanta a 1965, sannan ga yarjejeniyar Vienna ta 1968 kan allunan hanya da ƙasashe da dama suka bi. Sai dai hanyar kan dutse ba a cika gaggawar sauya mata allo ba, tsoho zai iya kai shekaru a tsaye, to sabon fasali ne ke ce maka hoton bai riga shekara kaza ba. Ka duba tsayin ma, ƙafa aka rubuta ko mita, da motar da ta leƙo a gefe.

Mai_Tsohuwar_Kyamara:
Allah ya saka Hajiya. Wasu duk sun koma jajaye, sun lalace kenan?

Dattijo_Majigi:
Tsohon Ektachrome ne yawanci, launinsa ke kodewa, in ka yi sikan ana iya gyarawa sosai. Kodachrome a duhu yana riƙe launi amma fitilar majigi na cinye shi, kar ka riƙa haskawa. Ka aje su wuri mai sanyi marar danshi, ka guji ledar PVC. Wajen sikan ka kashe Digital ICE, wato tsarin goge ƙura na na'urar sikan, in Kodachrome ne, yana ɓata gefen haruffa, kuma haruffan nan su ne abin da kake nema. Firam ɗin ma ka ɗauki hotonsa gaba da baya.