Neman kalma: NFF hukuma ce, ko haɗaɗɗiyar ƙungiya?

1/ Malamai da 'yan jaridar wasanni, ga wata kalma da nake so mu tsayar da magana a kanta. Turawa suna cewa federation, mu kuwa a rediyo da jarida "hukuma" muke cewa: Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya (NFF), Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Duniya (FIFA). Ga kuma Hukumar Wasanni ta Ƙasa, wadda Shehu Dikko yake shugabanta, ita ma hukuma. Suna ya zo ɗaya, alhali tushensu ya sha bamban.

2/ A kunnen Bahaushe, hukuma ita ce mai riƙe da mulki. In aka ce an miƙa mutum hannun hukuma, kowa ya san inda ya tafi. Hukumar Wasanni ta Ƙasa ta cancanci sunan: gwamnatin Gowon ce ta kafa ta a 1971, kuma a watan Oktoban 2024 Shugaba Tinubu ya rushe ma'aikatar wasanni ya mayar mata da aikin. Naɗi ake yi a cikinta, kasafin gwamnati take ci.

NFF kuwa zaɓe ake yi. A taron Katsina na 2018, wakilai 44 ne suka kaɗa ƙuri'ar da ta mayar da Amaju Pinnick kan kujera. 37 daga cikinsu shugabannin ƙwallo ne na jihohi da Abuja, sauran daga gasanni da alƙalan wasa da kociyoyi da 'yan wasa. Ta wannan hanyar Ibrahim Musa Gusau ya hau a birnin Benin a 2022.

3/ Wani zai ce ai suna linzami ne kawai, a bar shi. To, linzamin ne yake jan tunani. A 2010, bayan Super Eagles sun dawo daga gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu ba su ci wasa ko ɗaya ba, Shugaba Jonathan ya ce ya dakatar da su shekara biyu. FIFA ta ba da wa'adi, cikin 'yan kwanaki aka janye umarnin. A watan Yulin 2014 wata kotu a Jos ta sauke shugabancin NFF na Aminu Maigari, FIFA ta dakatar da Najeriya, ba ta ɗage ba sai da aka mayar da su. Mai sauraron da kullum yake jin "hukumar ƙwallo" dole ya tambaya: ina ruwan FIFA da hukumar ƙasarmu? Tambayarsa da ma'ana, mu ne muka ba shi kalmar da ta ɓoye masa cewa NFF memba ce a wata ƙungiya mai membobi 211, wadda dokarta ta hana gwamnatoci tsoma baki.

4/ Waɗanda suka fara cewa hukuma ba su yi da ka ba. Dokar soja mai lamba 101 ta 1992 ta sa NFA, kamar yadda ake kiranta a lokacin, ƙarƙashin inuwar gwamnati, sai a 2008 aka koma NFF. Har yau kuɗin tafiye-tafiyen 'yan wasan ƙasa da alawus ɗinsu yawanci daga baitulmali suke fitowa, kulob-kulob irin su Kano Pillars da Katsina United da Wikki Tourists kuma na gwamnatocin jihohi ne. Amma ba gwamnati kaɗai ke ciyar da gidan ba: FIFA ta ware wa kowace memba har dala miliyan 8 tsakanin 2023 da 2026, ga kuma kuɗin kamfanonin da ke ɗaukar nauyi.

5/ Kalmomin da na auna. "Tarayya" ita ce fassarar kai tsaye, sai dai Gwamnatin Tarayya ta riga ta mamaye ta, ruɗanin da muke gudu ne zai dawo. "Ƙungiya" kaɗai ba ta isa ba, don da ita muke kiran Pillars. "Gamayya" tana nuna haɗuwar ɗan lokaci, irin ta jam'iyyun adawa gab da zaɓe.

"Uwar ƙungiya" ta fi daɗin baki, kuma mun saba da ita wajen ƙwadago da siyasa. Abin da ya hana ni ɗaukarta shi ne uwa ita ke haihuwar 'ya'ya ta yi iko da su, nan kuwa membobi ne suke taruwa su zaɓi shugabanni, su kuma iya sauke su.

6/ Saboda haka na tsaya a kan "haɗaɗɗiyar ƙungiya". Kunne ya riga ya san ta daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, kuma tana faɗin yadda abin yake: ƙungiyoyi ne suka haɗu. In ta yi tsawo a kanun labari, a ce "haɗaɗɗiyar ƙwallo". Za ta yi wa ta ƙwallon kwando da ta guje-guje, har da FENIFOOT, ta ƙwallon ƙafar Nijar. Ku gwada wannan jimlar a baki, ku faɗa mini in ta yi nauyi: "Hukumar Wasanni ta Ƙasa ta saki kuɗi ga Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya."