Rudolf Wetzer, kyaftin ɗin Romaniya a 1930: yaya rayuwarsa ta ƙwallo ta kasance?

Danladi_Zariya:
Salamu alaikum 'yan'uwa. A jerin 'yan wasan Romaniya na gasar cin kofin duniya ta farko, kyaftin ɗinsu shi ne Rudolf Wetzer. Sunan bai yi kama da na Romaniya ba, kuma an ce ya buga wasa a Hungari da Faransa. Me ya jawo haka? Sannan da ya ajiye takalmi, ina ya yi koci?

Malam Tarihi:
Wa alaikumus salam. Bakin zaren yana garinsu. An haife shi a Timișoara a 1901, lokacin garin na ƙarƙashin daular Ostiriya da Hungari. Sai bayan yaƙin duniya na ɗaya ya koma hannun Romaniya. Gari ne da Jamusawa da 'yan Hungari da Yahudawa da Sabiyawa da 'yan Romaniya suka cakuɗu, ƙwallonsu kuma irin ta Budapest da Vienna ce, gajeren fasin a ƙasa, ba a cilla ta sama a bi da gudu. Shi ya sa kulob ɗin garin, Chinezul, inda Wetzer ya taso, ya lashe gasar ƙasa sau 6 a jere daga 1922 zuwa 1927.

Yawon da ya yi kuwa, batun kuɗi ne. A Romaniya ba a biyan ɗan wasa albashi a fili sai da aka kafa kulob ɗin Ripensia na Timișoara a 1928. Mai son ya ci abinci da ƙafarsa dole ya tsallaka iyaka. Wetzer ya buga wa Újpest a Hungari, da BSK a Belgrade, daga baya kuma Hyères a kakar 1932-33, kakar farko ta ƙwararru a Faransa.

Hajiya Kande:
Malam ya yi bayani, amma kada a tsallake 1930, don nan ne naman yake. Ranar 25 ga Mayu Romaniya ta lallasa Girka 8-1 a kofin Balkan, Wetzer shi kaɗai ya zura 5. Zuwa Uruguay kuwa, inda aka yi gasar kofin duniyar, tafiyar wajen wata biyu ce, ga mafi yawan 'yan wasan ma'aikata ne, sai da Sarki Carol na II ya sa baki aka ba su hutu. Sun shiga jirgin ruwa Conte Verde a Genoa, aka kwashi Faransa da Beljiyam da Brazil a hanya, shugaban FIFA Jules Rimet na ciki da kofin. Mako biyu a kan teku, motsa jiki a kan benen jirgi, suka sauka Montevideo ranar 4 ga Yuli.

Wasansu da Peru ranar 14 ga Yuli ya ƙare 3-1, Romaniya ce ta yi nasara. Deșu ya ci mata tun minti ɗaya bai cika ba. Adalbert Steiner na Romaniya ya karye a ƙafa, kuma a lokacin babu canji, sai dai a ci gaba da mutum 10. Alƙalin wasa ya kori Plácido Galindo na Peru, korar farko a tarihin gasar, da baki kawai, don jan kati sai a 1970. Bayan mako ɗaya Uruguay ta ba su 4-0 a filin Centenario. Rukunin ƙasa uku ne, ta ɗaya kaɗai ke wucewa, shi ke nan sai gida.

Bala_Maradi:
Kan batun koci, ɗan'uwa, a zamanin ba a raba aikin kamar yanzu. Babban ɗan wasa yakan riƙe horo yana kuma bugawa, kamar yadda Emerich Vogl, ɗan garinsu, ya yi a Juventus ta Bucharest. Wetzer ya bi wannan hanya, ya horar da Ripensia da ƙananan kulob na Timișoara, sannan Tricolor ta Ploiești. Amma a 1930 kocin ƙasa Costel Rădulescu ne, kada ka haɗa su.

In za ka yi bincike, kula da sunaye, a nan mutane ke ɓata. Jaridun Hungari na rubuta garin Timișoara da Temesvár, na Jamusanci Temeswar. Kovács da ya ci Peru ƙwallo ta uku, wasu takardu na rubuta shi Covaci, sai ka ɗauka mutum biyu ne. Wetzer ya rasu a Haifa a 1993.