Yarona ya ce alƙalin wasan besbol zai zama, don Allah a ba ni shawara

Baban_Yara:
Assalamu alaikum jama'a. Ni mazaunin Amurka ne, tuƙin babbar mota nake yi, kuma babban ɗana a nan ya tashi. Tun yana ɗan shekara 15 yake alƙalancin wasan besbol na yara ran Asabar, su ɗan ba shi na kashewa, ni duk na ɗauka sha'awa ce ta ƙuruciya za ta wuce. To yanzu ya cika 19 ya zo ya zaunar da ni wai shi fa sana'ar da zai riƙe ke nan, har yana zancen ajiye karatu. Mamansa ko barcin kirki ba ta yi. Sau ɗaya na je na kalle shi, yana duƙe a bayan mai cafe ƙwallo da takunkumin ƙarfe a fuska cikin rana, wani uban yaro yana ta zazzaga masa masifa ta bayan waya, wallahi sai da raina ya ɓaci. Wai aikin nan yana riƙe mutum da iyalinsa kuwa? Kuma ta ina ake shiga?

Mazaunin_Detroit:
Wa alaikumus salam Alhaji. Yana riƙe mutum, amma sai wanda ya kai ƙarshe, kuma hanyar da nisa. Babbar gasa wato MLB alƙalai 76 ne kacal take da su na dindindin, tawaga 19 kowace mutum huɗu, kuma wanda ya shiga ba ya saurin fita. Joe West ya fara a 1976 bai ajiye ba sai bayan kakar 2021, wasa 5,460 ya yi, shi ne ma ya karya tarihin Bill Klem mai 5,375. To ka ga kujera ɗaya mutum ya riƙe ta shekara arba'in da wani abu, na ƙasa sai dai su yi ta jira.

Shiga kuwa horo ake fara yi, yawanci a Florida a watan Janairu, makarantar Wendelstedt ma a can ta yi shekaru tana fitar da su. In an zaɓe shi sai a tura shi ƙananan lig, daga can ƙasa ya yi ta hawa har Triple-A, matakin ƙarshe kafin MLB, mafi yawansu sai sun ci shekara bakwai zuwa goma. A matakin ƙasa su biyu ne kawai a fili, su biyun ne a mota ɗaya daga gari zuwa gari, kwana a otal mai araha, albashin kaɗan ne kuma na watannin kakar wasa kawai, da sanyi ya shigo sai ya nemi wani aikin. In ya kai MLB ne ake zancen sama da dala dubu 100 a shekara.

Amma ni abin da nake so ka tambaye shi ba kuɗi ba ne, zuciya ce. Ina gaban talabijin ran 2 ga Yuni 2010 da Armando Galarraga, mai jifa na ƙungiyar Tigers ta Detroit, ya fitar da masu bugu 26 a jere ba wanda ya taka bes, wato tashar da mai bugu ke rugawa ya taka, saura ɗaya tak ya shiga tarihi. Na ƙarshen ya buga ya ruga, ƙwallo ta riga shi isa, kowa ya gani, amma alƙali Jim Joyce ya ware hannu ya ce ya tsira. Mutumin da ya haura shekara 20 yana aikin nan fa, kuma 'yan wasa suna ganin girmansa. Da ya koma ɗaki ya kalli bidiyo ya ga ya yi kuskure, ya nemi Galarraga ya ba shi haƙuri yana hawaye. Washegari shi ne a bayan faranti, wato alamar da ke ƙasa inda mai bugu ke tsayawa, Galarraga da kansa ya kawo masa takardar jerin 'yan wasa, ga Joyce yana share ido gaban dubban mutane. Har gobe in ka ambaci sunansa a garin nan wannan ranar za a tuno.

Tsohon_Rafali:
Yaya, ni ƙwallon ƙafa na hura wa usur shekaru a gida kafin in zo nan, zagi kam na sha, an taɓa raka ni tasha da jifa ma. Amma na besbol ya fi namu tsanani ta wani gefen. Mu kana iya minti biyar ba ka yanke hukuncin komai ba, shi kuwa na bayan faranti jifa wajen 300 ake yi a wasa ɗaya, duk wadda ba a kai wa sanda ba sai ya faɗi ta shiga ko ba ta shiga ba, faɗin farantin inci 17 ne, ƙwallon tana zuwa da gudun kilomita 150 zuwa 160 a awa daga tazarar mita 18 da ɗoriya. Ga ta goga sanda ta dawo ta daki takunkumi, kai ya yi ta juyawa, gwiwa da baya kuma kar a yi magana.

Sannan ka ja masa kunne kan caca. Pat Hoberg ya yi alƙalancin wani wasa a gasar ƙarshe ta 2022, ya yanke hukuncin jifa 129 bai kuskure ko ɗaya ba, amma a Fabrairun 2025 aka kore shi saboda suna amfani da asusun caca ɗaya da abokinsa mai yin caca a kan besbol. Duk wahalar shekarun nan ta tafi.

Maman_Biyu:
Ni dai Baban Yara kar a kashe masa gwiwa. Emmett Ashford, baƙar fata na farko da ya yi alƙalanci a MLB, ma'aikacin gidan waya ne ya bar aikin ya shiga, kuma bai kai ba sai 1966 yana da shekara 51. Jen Pawol ita ma tun 2016 take ƙananan lig, sai ran 9 ga Agusta 2025 a Atlanta ta zama mace ta farko da ta yi alƙalancin wasan kaka a babbar gasa. Abin da na fi tunani na'ura ce, tun 2014 ake duba bidiyo daga New York kamar VAR ɗin ƙwallo, ga kuma tsarin da aka amince da shi na 2026, ɗan wasa ya taɓa hularsa kwamfuta ta sake duba jifar. Har yanzu dai mutum ne a bayan faranti. Ku ce ya gama karatun tukuna yana ci gaba da na makarantun sakandare da kwaleji, makarantar alƙalan ba guduwa za ta yi ba.

Baban_Yara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya da dare na karanta masa duka, ashe ya san labarin Joyce ɗin har ya nemo min bidiyon a YouTube, muka kalla tare da mamansa, ita ma sai da ta yi ƙwalla. Mun tsaya a kan zai ƙarasa shekara biyun da suka rage masa, ni kuma na yi alkawarin zan kai shi Florida da kaina in ya gama. Asabar ɗin nan yana da wasa ƙarfe 10, na ɗauki hutu zan je.