Guguwa ta doso, jirgin ruwanmu kuma Lahadi zai tashi: wa ya taɓa shiga irin wannan hali?

Maman Tagwaye

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka taɓa gani da idonsu. Tun watan Maris muka biya kuɗin jirgin ruwan yawon shaƙatawa, ni da maigida da yara da surukata wadda ta zo mana ziyara. Ranar Lahadi zai tashi daga Mayami, ya bi ta Nassau da St. Thomas da St. Maarten ya dawo. Jiya da dare aka raɗa wa guguwar da ke tasowa a Atlantika suna, kuma zanen hanyarta ya lulluɓe tsibiran nan har ya taɓo kudancin Fulorida. Kamfanin jirgin bai ce komai ba, in ban da saƙo ɗaya wai suna lura da yanayi. Maigida ya ce mu soke tun da sauran lokaci. Surukata ta ce ba mai ɗora ta kan ruwa ana maganar guguwa. Yara kuwa sun gama haɗa kaya. Tikitin jirgin samanmu na ranar Asabar ne. Don Allah wanda ya taɓa fuskantar haka, me ya same ku, kuma me kuka yi?

Dattijon Houston

Wa alaikumus salam, 'yata. Fara kwantar wa surukarki da hankali: babu kyaftin ɗin da zai kutsa da dubban mutane cikin guguwa. Iskar da ke juyawa a cikinta ce ke gudun fitar hankali, amma ita kanta guguwar sau da yawa tafiyar hawainiya take yi, jirgin kuwa yana iya cin kusan kilomita 40 a awa. Tun da saura kwanaki suke ganinta su kauce mata.

Ina kan ruwa lokacin guguwar Harvey, ƙarshen Agustan 2017. Daga Galveston muka tashi, muna hanyar dawowa ta faɗa wa gaɓar Teksas. A cikin jirgi lafiya lau muke, ana dafa abinci, yara na wasa. Abin da ya gagara shi ne komawa gida. An rufe tashar Galveston, Harvey ta tsaya cak a kan yankin tana zuba ruwa, akwai wurin da aka auna sama da inci 60. Filayen jirgin sama biyu na Houston duk an rufe su, hanyoyi sun zama koguna. Jirginmu ya ratse New Orleans ya ɗauki mai da abinci, wasu suka sauka a can, mu muka zauna a ciki har aka buɗe tasha. Ba a karɓi ko sisi a hannunmu na ƙarin kwanakin ba, kuma sun buɗe mana intanet don mu ji lafiyar gida.

Waɗanda suka fi shan wahala su ne masu maganin yau da kullum. Akwai wani bawan Allah mai ciwon suga a ɗakin da ke kusa da namu, ya ƙirga allurarsa daidai da kwanakin tafiya, sai ga tafiya ta ƙaru. Asibitin jirgi ya taimaka masa, amma ba kowane magani suke da shi ba, kuma ba kyauta ba ne. In surukarki tana shan maganin hawan jini ko wani abu, ku ɗauki na ƙarin mako guda, a jakar hannu, cikin kwalinsa na asali.

Ɗan Tampa

Anti, ki roƙi maigida ya haƙura, kada ku riga kamfani sokewa. In ku kuka soke saura 'yan kwanaki a tashi, a dokar yawancin kamfanonin nan kuɗin ɗaki ya tafi gaba ɗaya, sai dai harajin tasha ya dawo muku. In su suka soke, kuɗinku ne a hannu.

Ni haka ta faru da ni a Oktoban 2024 lokacin guguwar Milton. Na yi ta duba waya kamar zan haukace, abokaina suna ta cewa in soke. Na daure. Da aka rufe tashar Tampa sai ga saƙo an fasa tafiyar, za a mayar da komai. Abokin tafiyata da ya soke tun farkon mako bai samu komai ba. Akwai ma dokar hukumar sufurin teku ta Amurka tun 2022: jirgin da zai tashi daga tashar Amurka, in an soke tafiyar ko an jinkirta ta da kwana 3 ko fiye, kuma ba ka yarda da madadin da aka ba ka ba, kana da haƙƙin a mayar maka da kuɗinka.

Amma ki sani, sauya hanya ba sokewa ba ne. Yarjejeniyar da ke jikin tikiti ta ba su damar canja tsibiri ko tsallake shi ba tare da diyya ba. Ga yadda kika kwatanta, mai yiwuwa a juya ku yamma, wajen Cozumel ta Meksiko ko Roatan ta Honduras.

Maman Tagwaye

Na gode Baba, na gode ƙanena. Na karanta wa maigida, ya ɗan sauko. To inshora fa? Ba mu saya ba. In na saya yau za ta yi amfani?

Uwar Marayu

'Yar'uwa, kan wannan guguwar dai lokaci ya wuce. Da zarar an ba guguwa suna, kamfanonin inshora suna ɗaukarta abin da aka riga aka sani, duk wanda ya saya daga baya ba za su biya shi asarar da ta jawo ba. Akwai nau'in da ke ba mutum damar sokewa kan kowane dalili, amma shi ana sayensa ne cikin makonni biyu zuwa uku da biyan kuɗin farko, kuma rabi ne zuwa kashi 75 cikin ɗari yake mayarwa.

Duk da haka ni zan ce ki saya, saboda rashin lafiya. Da dattijuwa za ku tafi, kuma jinya a jirgi ko ɗaukar mara lafiya daga tsibiri zuwa babban asibiti kuɗi ne mai nauyi. Sannan ki duba katin bankin da kuka biya da shi, wasu katunan suna da kariyar tafiya a jikinsu mutane ba su sani ba. Ni tawa inshorar da na saya ranar da na biya tikiti ita ta biya mini otal da abinci da guguwar Ian ta tsare mu a Orlando a 2022. Sai da na kawo rasiɗin komai da takardar kamfanin jirgi mai nuna dalilin jinkiri. Ki adana kowane saƙo da suka turo miki.

Hajiyar Atlanta

Ni ina da ja a kan maganar cewa a cikin jirgi lafiya lau ne. Baba, ku yi haƙuri, ba musu nake da ku ba, amma ba kowa ke samun irin taku ba. Gaskiya ne ba a shiga guguwa, sai dai igiyar ruwan da take turowa tana kaiwa ɗaruruwan kilomita. Lokacin Dorian a 2019 aka karkatar da mu daga Bahamas, rana na haskawa tas, amma jirgi na ta tangaɗi. Aka zubar da ruwan wuraren ninƙaya, aka rufe ƙofofin fita sarari, aka rataya ledojin amai a matakala. Mahaifiyata ba ta iya ɗaga kai daga matashi ba, ko ruwa ta sha sai ya dawo. A zaune ta riƙa sallah. Har yau in aka ambaci jirgin ruwa sai ta kau da kai, kuma ni abin yana damuna, don ni na lallashe ta ta bi mu.

Saboda haka, Maman Tagwaye, kada ku raina tsoron surukarki. In zuciyarta ba ta kwanta ba, asarar kuɗin tikitinta ta fi sauƙi a kan ta yi mako tana wahala tana ganin ku kuka ja mata. In kuma ta yarda, ku kira kamfani ku nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa, nan ne motsi ya fi sauƙi. Can gaba da can sama su ne wurin wahala. Maganin jiri tun kafin a tashi ake fara shansa, kuma ku tambayi likitanta tukuna, don wasu suna sa barci mai nauyi, wasu ba sa jituwa da magungunan tsofaffi. Citta ta taimaka wa yarana.

Dattijon Houston

Hajiya, gaskiyarki. Mu ruwanmu a kwance yake shi ya sa. Allah ya ƙara wa Mama lafiya.

Malamin Makaranta

Akwai abin da ba wanda ya taɓo, kuma shi ya fi ba ni tsoro da na ji an ce surukarki ziyara ta zo. Wace irin biza ce a fasfonta? Hawa jirgin nan fita ce daga Amurka, dawowa Mayami kuma sabuwar shiga ce. In bizarta ta shiga sau ɗaya ce, ta riga ta yi amfani da ita. Ku buɗe fasfon yau ku duba.

Sai kuma batun sauya hanya. Mu daga New York muka yi shirin zuwa Bamuda, guguwa ta tare hanya, kamfani ya sanar cewa an juya tafiyar zuwa Kanada, Halifax da Saint John. Masu fasfon Amurka ƙorafinsu kawai sanyi, sun haɗo kayan zafi. Mu kuwa da ƙanin matata muke, shi da bizar ziyara, kuma ba shi da ta Kanada. Ko da ya ce ba zai sauka daga jirgi ba, ba a barin mutum ya hau sai da takardun kowace ƙasa da za a tsaya. Muka yi ta waya har aka yarda a ɗage masa tafiyar zuwa wani lokaci. Meksiko tana karɓar mai bizar Amurka da ke aiki, don haka Cozumel da sauƙi. Sauran ƙasashen kowace da dokarta gwargwadon fasfon mutum. Ki kira kamfani ki ce su faɗa miki wuraren da za su iya juyawa, ki bi su ɗaya bayan ɗaya.

Maman Tagwaye

Malam, Allah ya saka da alheri. Na duba yanzu, mai shiga da yawa ce, alhamdu lillahi. Zan kira su kan sauran.

Mai Bin Taswira

Yaya, bari in ɗan taimaka kan zanen da ya tayar miki da hankali, don shekaruna a Fulorida sun koya mini karanta shi. Cibiyar kula da guguwa ta Amurka da ke Mayami ce ke fitar da shi, sau huɗu a rana: 5 na asuba, 11 na safe, 5 na yamma da 11 na dare agogon gabas. Wannan kaɗai za ki bi. Ki rabu da hotunan layuka barkatai da ake yawo da su a Facebook.

Zanen mai faɗaɗa gaba ba girman guguwa yake nunawa ba. Yana nuna inda tsakiyarta za ta iya bi cikin kwana 5, kuma an tsara shi ne yadda kusan sau biyu cikin uku za ta kasance a ciki. Iska da ruwa suna wuce gefensa nesa. Hasashen kwana huɗu ko biyar yana motsawa sosai. A Ian kowa ya zuba wa Tampa ido, mutane suka kwashe, sai ta sauka kudu wajen Fort Myers ranar 28 ga Satumba. Ƙarfinta ma yana iya sauyawa dare ɗaya: Milton ta tashi daga mataki na 1 ta kai na 5, mafi ƙarfi, cikin ƙasa da awa 24. Shi ya sa kamfani ya yi shiru. Su ma jira suke.

Abin da zai gaya miki gaskiyar Lahadi shi ne matakin da dakarun tsaron gaɓar teku suka sa wa tashar Mayami. Huɗu ne, gwargwadon awannin da suka rage iska mai ƙarfi ta iso: Whiskey awa 72, X-Ray awa 48, Yankee awa 24, Zulu awa 12. A Yankee ake hana jirage shigowa, a Zulu a rufe tasha ruf. Ki tuna jirgin da za ku hau yanzu haka yana teku da wasu fasinjoji. In bai samu shigowa ya sauke su ba, ku ma ba hawa. Haka ake samun tafiyar mako ta koma ta 'yan kwanaki, a mayar muku da kuɗin ranakun da aka yanke. Wani lokaci kuma akasin haka ake yi, jirgi ya tashi kafin lokacinsa don ya fice kafin a rufe, saboda haka ki tabbatar lambar waya da imel ɗin da kamfani ke da su naki ne ba na dillalin da ya yankar muku tikiti ba.

Wata shekarar, in kuna son Karebiyan tsakanin Agusta da Oktoba, ku nemi mai zuwa Aruba da Bonaire da Curaçao. Suna can kudu, guguwa ba ta cika bi ta kansu ba. Damina ce ta guguwa daga 1 ga Yuni har 30 ga Nuwamba, tsakiyar Satumba kuma ita ce ƙololuwa.

Uwar Marayu

Tunda an ambaci St. Maarten, ku sa mutanen can a addu'a. Na je bayan Irma ta 2017 da watanni, rufin gidaje da yawa tamfol ne har lokacin. Direban da ya zaga da mu ya ce ranar da jirage suka daina zuwa, ranar abincin gidansa ya tsaya. In kun riga kun ba wani mai kwalekwale ko direba kafin alƙalami a tsibiri, ku rubuta masa tun yau ku ji tsarinsa. Yawon da kuka saya ta hannun kamfanin jirgi kuɗinsa da kansa yake dawowa in an tsallake tsibirin, na waje kuwa sai kun nema.

Ɗan Tampa

Anti, saura jirgin sama. In guguwa ta doso, kamfanonin jiragen sama sukan fitar da sanarwar sauya rana kyauta ga filayen da abin zai shafa, ki riƙa duba shafin naku safe da yamma. In su suka soke tashin, dokar Amurka ta ce kuɗinku za a mayar in ba ku karɓi wani jirgin ba, ko da tikitin mai arha ne. Kada ku tashi Asabar sai kun ga matakin tashar Mayami da safiyar ranar. Otal kuma ku kama wanda ake iya sokewa ba tara, nesa da bakin ruwa, don unguwannin gaɓa ake fara cewa a kwashe. Ku riƙe ɗan tsabar kuɗi a hannu, in wuta ta ɗauke na'urar kati ba ta aiki.