Ina ya fi dacewa a yi gudun safe a kewayen Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Samaru, Zariya?

Sabon_Dalibi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san Samaru. Ina so in riƙa gudun kilomita 5 zuwa 8 da safe, sau uku a mako. Cikin makaranta ya fi ko in fita titin Sakkwato? An kuma ce akwai hanya ta wajen dam, tana biyuwa kuwa? Wane irin takalmi ya kamata in nema?

Kocin_Tsere:
Wa alaikumus salam ƙanina. Titin Sakkwato dai cire shi daga lissafi. Hanyar tireloli da tankoki ce masu zuwa Funtuwa da Gusau, gefenta ya zaizaye a wurare da dama, ga 'yan acaɓa da ke hawa gefen da zarar go-sulo ya haɗu a bakin babbar ƙofa ko wajen kasuwar Samaru. Hayaƙin dizal ɗin da za ka shaƙa ma ya isa ya hana ka.

Fara da filin wasanni na jami'a. A fili irin na ƙa'ida, zagaye ɗaya a layin ciki mita 400 ne, wato zagaye 12 da rabi ya ba ka kilomita 5. Kowane layi da ka matsa waje yana ƙara wajen mita 7 zuwa 8 a zagaye, don haka wanda ke layi na takwas ya fi mita 450. Amfanin filin shi ne ka san saurinka na gaskiya, domin wayar hannu takan yi ƙarya wajen auna nisa a kwana da ƙarƙashin bishiyoyi. Makonni biyu na farko ka yi minti 3 gudu, minti 1 tafiya, har minti 25 zuwa 30. Idan kana maimaita zagaye da yawa, ka riƙa juya alkibla bayan kowane zagaye huɗu in babu cunkoso, saboda kwana ta gefe ɗaya kullum tana ɗora wa gwiwa da idon sawu guda nauyi.

Bayan nan sai ka koma titunan unguwannin ma'aikata, irin su Area A da BZ. Kwalta ce, akwai inuwar darbejiya da mangwaro, motoci kaɗan ne kafin bakwai. Ka bi gefen hagu, kana fuskantar motar da ke tahowa. Kada ka toshe kunne biyu da abin jin kiɗa. Wasu gidajen suna sakin karnuka da dare. In kare ya biyo ka, rage gudu ka koma tafiya, kada ka juya masa baya da gudu.

Mai_Sawun_Barewa:
Na yarda da Koci, sai dai kwalta kullum ita ke kawo ciwon ƙwauri ga sabon shiga. Hanyar dam ɗin Kubanni tana biyuwa, kuma ƙasa ta fi wa ƙafa sauƙi, amma lokaci ne ke yanke hukunci.

Daga Nuwamba zuwa Afrilu ƙasar a bushe take, ta yi tauri, matsalarta tsakuwa da ƙaya. Tsidau yana huda takalmi mai siririn tafi, ƙarangiya kuma ta manne a safa ta yi ta sukar ka har ka tsaya. Sa safa gajeriya mai santsi, ba mai gashi-gashi ba. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa, musamman Agusta, jar ƙasar nan in ta sha ruwa sai ta zama taɓo mai danƙo, ta liƙe a tafin takalmi ya yi nauyi, santsi kuma ya kayar da mutum a gangara. Ka ba ta kwana ɗaya cur bayan ruwan sama kafin ka bi ta. Ciyawa ma takan rufe 'yar hanyar ƙafa, ba ka ganin rami balle maciji, don haka tsaya kan hanyar da babur ke bi. Kada ka tsoma ƙafa ko ka wanke fuska da ruwan dam. Ruwan kwance mai katantanwa shi ke ɗauke da tsargiya.

Kada ka je can kai kaɗai ko cikin duhu. A Janairu rana ba ta fitowa a Zariya sai bakwai saura, a Yuni kuwa shida da 'yan mintoci ta fito. Wanda ya saba fita daga sallar Asuba kai tsaye, a lokacin sanyi zai sami kansa cikin duhu. Riƙe katin shaidarka na ɗalibi a aljihu, masu gadi kan tambaya. Gonakin gwaji na Cibiyar Binciken Aikin Gona (IAR) kuma ba wurin yanke hanya ba ne, aikin binciken mutane ne a shuke.

Hajiya_Fiziyo:
Ɗana, a kan takalmi: nemi wanda ya bar tazarar faɗin babban yatsa tsakanin yatsan ƙafarka da gaban takalmin, ka gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. In na gwanjo ne, murɗa shi da hannu biyu. In ya murɗe kamar tsumma, ko dunduniyar ta cinye ta gefe ɗaya, bar musu kayansu. Sabo ma yakan gaji tsakanin kilomita 500 zuwa 800. Takalmin ƙwallo mai ƙusa ba na kwalta ba ne.

Ranar da hazo ya yi kauri har ba ka hango dogon ginin Sanet na hukumar jami'a daga nesa, hutu ya fi, musamman ga mai asma ko mura. A Maris da Afrilu ka gama kafin takwas, ka sha ruwa kamar rabin lita awa ɗaya ko biyu kafin ka fita. Da azumi, ko dai gudu mara nauyi na minti 20 dab da shan ruwa, ko bayan tarawihi a wuri mai fitila. Ƙarin nisa kada ya wuce kashi 10 cikin 100 a mako. Ciwon da ya tsaya a wuri ɗaya kan ƙashin ƙwauri, wanda in ka danna da yatsa sai ka zabura, ba gajiya ba ce. Daina gudu ka je asibiti a duba.

Sabon_Dalibi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da filin ranar Asabar. Akwai masu fita dam a ƙungiya da zan iya bi?